Mutumin da Ke Karya Gadojin 'Ya'yanmu

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, shi ya riga ya jingine kekensa a bangon ɗakin gwaje-gwaje, ɗaki na ƙarshe a dogon barandan nan, wanda tagarsa ɗaya ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta da katako. Abin da yake fara yi kuwa shanya yashi. Zai kinkimo buhu daga bayan ƙofa, ya zazzage a kan tsohuwar leda inda rana ke fara sauka, ya baje da hannu, ya tsince tsakuwa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe nauyi, shi kuma ba zai bari a zalunci gadar yaro saboda raɓa ba. Sai ya gama wannan yake shiga aikin da aka ɗauke shi dominsa: ya wanke kwalaben gwaji, ya goge tebura, ya duba ko an rufe gas, ya jera wa malamin kimiyya kayan darasin ranar. Shekara talatin da huɗu yana haka, Juma'ar da ta wuce ya miƙa makulli.

Shi ba malami ba ne, mai kula da ɗakin ne kawai. Sunansa ba ya cikin jadawalin darussa, kuma ranar raba kyaututtuka shi ne mai jera kujerun da wasu za su zauna. Yara suna ce masa Baba Mai Bokiti, iyaye ma haka, har matar da ke sayar da littattafai a bakin ƙofa. Ni tela ce, allura na sani, alƙalami ba nawa ba ne. Na ɗauke shi yau ne saboda a zangon nan saura ƙiris in raba 'yar autata da karatun da take so, da hannuna, kuma ina ganin in ban faɗi abin da wannan bawan Allah ya yi ba na ci amanarsa. Labarin bai yi mini kyau ba, na sani, amma haka zan ba da shi.

Ranar Laraba idan an tashi, akwai yara kusan arba'in da ba sa tafiya gida. Sukan cika ɗakin nan huɗu-huɗu a kowane tebur, shi kuma ya rubuta musu matsala guda a allo, da rubutunsa da sai an ƙanƙance ido ake karantawa. Wani zangon ƙwai ne: ga kwali, ga auduga, ga roba, a yi masa gidan da za a sako shi daga saman bene bai fashe ba. Wani zangon ruwan kwata za a tace da yashi da gawayi da tsumma har ya fito garau. An yi na motar kwali da iskar balan-balan ke turawa, an yi na hasumiyar takarda. Ba wanda ya sa shi, ba ya cikin aikinsa, kayan ma yawanci tsince-tsince ne da yake ɗauro wa kekensa. Zango na uku kuwa kullum na gada ne, kuma shi yara ke jira tun farkon shekara.

Ga yadda ake yi. Kowace ƙungiya za a ba ta tsinken tsintsiyar kwakwa ɗari, ya yanke su tsawon biro, da zare, da gam ɗan kaɗan a murfin kwalba. Za su gina gadar da za ta haye tsakanin tebura biyu da ya raba da tazarar rabin yadi da ɗoriya. Ranar gwaji sai ya rataya bokitinsa a tsakiyar gadar, ya riƙa zuba yashi da gwangwanin madara, yara suna ƙirgawa da ƙarfi, har ta karye. Kowace gada sai ta karye, babu wadda ke fita ɗakin nan da ranta. Amma kafin ya zuba gwangwani na farko, sai ya miƙa wa ƙungiyar guntun jan zare, ya ce su ɗaura a daidai inda suke jin za ta karye. Gadar da ta fi ɗaukar yashi ana yi mata tafi. Sunan da yake rubutawa a saman allo kuwa na waɗanda jan zarensu ya faɗi gaskiya ne, ko da a gwangwani na goma tasu ta faɗi. Ya ce duk wanda bai san inda aikinsa yake da rauni ba, sa'a ce ta gina masa.

Ƙanena ya bi ta ɗakin nan shekara ashirin da suka wuce, yanzu injinan asibiti yake gyarawa. Ya ce har gobe ba ya kwance ƙusa ko ɗaya sai ya fara gaya wa kansa inda yake zaton ciwon yake, sannan ya buɗe ya ga ko ya canka. Shi ya ba ni labarin shekarar da wata ƙungiya ta yi gada mai kyan gaske, har shugaban makarantar na lokacin ya aiko a kawo masa ita ofis, baƙi su riƙa gani. Baba ya ce to, za a kawo. Ya gwada ta kamar sauran, ta karye a gwangwani na ashirin da biyu, ya ɗauki ɓarin biyu ya kai ofis ya ajiye a kan tebur da ladabinsa. Da shugaban ya haɗe rai, sai ya ce ai yanzu ne aka san abin da ake nuna wa baƙin.

Mai sharar makaranta kuwa ta ce tunda ta kama aiki tsintsiyarta ba ta taɓa tsufa ba, sai dai ta rame, domin duk ƙungiyar da ta karya tsinke wurinta take lallaɓowa. Ta kai ƙara sau uku. A na huɗun ta shiga ɗakin da niyyar yin masifa, ta tarar ana ƙirga gwangwanaye, ta tsaya da tsintsiyar a hannu tana ƙirgawa tare da su har aka tashi. Malamin kimiyya ma ya gaya mini, yana dariya amma da ɗan jin haushi, cewa yakan yi mako uku yana zana alwatika a allo yana bayanin dalilin da ya sa ake ganinta a rufin ɗakuna da turakun wuta, abin bai shiga kan yara ba. Laraba ɗaya a wurin Baba, sai su dawo suna koya masa.

Baba, kai ne wanda ba ya karɓar tsinke daga hannun yaro. Duk wanda na tambaya, wannan ya fara faɗa mini. Kana tsaye a kan yaro yana ɗaure abu a karkace, ka san zai warware, hannunka biyu suna bayanka, iyakarka ka ce masa me ya sa ya zaɓi nan. Kai ne kake tsugunawa ka tattara guntattakin gadar da ta karye ka miƙa wa masu ita kamar wani abin daraja, ka ce su duba bakin karayar su gaya maka ko tsinken ne ya gaza ko ɗaurin. Yaran da ba sa buɗe baki a aji, a ɗakinka har musu suke yi da kai. Na jima ina jin wannan daga bakin 'yata, amma ban gane nauyinsa ba sai da abin ya zo kaina.

Auta shekararta goma sha huɗu. A ƙarshen zangon nan aka ba 'yan ajinsu takarda, kowa ya zaɓi inda zai shiga baɗi, ajin kimiyya ko wani, iyaye su sa hannu. Shekara biyu tana zuwa ɗakin Baba, kuma duk gidan an san abin da ranta ke so, tunda ko fanka aka kwance sai ka same ta tsugune a kai. Amma yarinya ce mai tsoron kuskure, kuma ba sai an yi bincike a kan inda ta samo shi ba. Ni ce irin uwar da in yaro ya ninke kaya sai na warware na sake ninkewa, in ya yi shara na bi bayansa da tsintsiya. Takardar ta yi mako biyu a jakarta ba ta cike ba. Wata rana ina kan keken ɗinki na ji ta a bakin ƙofa tana gaya wa ƙawarta cewa gadar bana ce za ta raba gardama: in tasu ta kai gwangwani talatin za ta zaɓi kimiyya, in ba ta kai ba ta san kanta ba na can ba ne. Karatun 'yata gaba ɗaya a rataye a jikin tsinken tsintsiya!

Baba ba ya yarda gada ta bar ɗakinsa kafin gwaji. Amma a makon ƙarshe aka karɓi ɗakin domin jarrabawar manyan ajujuwa, dole kowace ƙungiya ta tafi da tata gida, ta su Auta kuwa gidanmu ta zo. Ranar Asabar da rana Auta ta tafi gidan gwaggonta, ta bar gadar a kan teburin da nake yanka. Na zagaya ta, na sake zagayawa. A ƙasanta, daidai tsakiya, inda suka haɗa tsinke da tsinke, na danna da yatsa na ji tana lotsawa. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Akwai wata tsohuwar lema a bayan ƙofa da iska ta lalata. Na zare siraran ƙarafanta guda biyu, na warware ɗaurin yaran a hankali, na kwantar da ƙarafan a tsakanin tsinkayen ƙasa, na sake naɗewa da zare mai launin nasu, na ɓoye ƙullin a ciki yadda nake ɓoye shi a wuyan riga. Ko minti arba'in ban yi ba. Wallahi a lokacin ji nake na yi aikin uwa.

Ranar Laraba, da yake gwajin ƙarshe ne a hannun Baba, aka gayyaci iyaye, muka tsaya a bayan ɗaki jikin bango. Ƙungiyoyi shida suka wuce, wadda ta fi ƙarfi ta kai talatin da huɗu. Da aka zo kan su Auta, ya ɗauki gadar a tafin hannu kamar yadda yake yi wa kowace, sai na ga ya ɗan tsaya. Ya juya ta, ya dubi ƙasanta, ya ɗora ta a kan teburan ya miƙa jan zare. Yaran huɗu suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan Auta ta sunkuya ta ɗaura shi a ƙasa, daidai tsakiya, inda ni ma na ji rauni ranar Asabar.

Aka fara zuba yashi. Goma, ashirin, talatin. Na saki ajiyar zuciya, na ce a raina shi ke nan. Aka wuce talatin da huɗu, ɗaki ya kaure da tafi. Arba'in. Hamsin. Yara har suna hawa kujeru, sauran ukun 'yan ƙungiyar suna tsalle, amma da na dubi Auta sai na ga ba ta murna. Ta karkata kai, ta ƙura wa jan zarenta ido, goshinta a tattare. A hamsin da takwas saman gadar ya yi ƙas, tsinkaye suka yi tsalle. Ƙasan kuwa bai karye ba. Lanƙwashewa ya yi, bokitin ya sauka yana lilo, kan ƙarfen lema ya leƙo ta cikin zare kowa yana gani.

Nan take wani yaro ya ce maguɗi ne, wani ya maimaita. 'Yan ƙungiyarta suka juyo gaba ɗaya suna kallon Auta, tunda a gidansu gadar ta kwana. Malamin kimiyya ya gyara murya ya ce wannan dole a kai wa shugaba, domin dokar makaranta a kan maguɗi ɗaya ce ko a jarrabawa ko a ina. Baba ya ɗaga hannu. Ya cire bokitin, ya ɗago gadar yadda na baya ma za su gani, ya sa yatsa a kan jan zaren, wanda ke ɗaure ɗaram a kan ƙarfen.

“Ku duba nan da kyau,” in ji shi. “Wanda ya san akwai ƙarfe a nan ba zai ɗaura zarensa a nan ba. Yaran nan huɗu ba su sani ba. Akwai mutum na biyar a ƙungiyar, shi ne bai ɗaura nasa zaren ba.”

Bai dubi inda iyaye suke ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina jikin bango, na ja bakina na tsuke. Na so in yi magana, ban yi ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun fiye da kunyar lemar. Auta ta karɓi gadar, ta sa farce tana warware zaren a hankali har ta kai ga ƙullin. Ta san ƙullin, a wuyan rigarta ma akwai irinsa. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

Da muka shiga gida ta ajiye jakarta, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ba ni baya.

“Umma, ashe ke ma kin san ba zan iya ba.”

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da yamma ta gaya wa babanta, ba ni ba, cewa ta gama shawara, ba za ta shiga ajin kimiyya ba, ɗakin Baba ma ta bar shi. Takardar kuwa Juma'ar mako mai zuwa za a karɓa, ranar da Baba ma zai ajiye aiki.

Washegari da safe na rufe shago na tafi makarantar. Na samu Baba a tsugune yana tsince tsakuwa daga yashi. Na gaishe shi, na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce ya sani, tun da ya ɗauke ta ya ji nauyin ba na tsinke ba ne, kuma yaro ba ya ɓoye ƙulli. Na ce to me ya sa bai hana gwajin ba, ya rufa mana asiri? Ya ce da ya ajiye ta gefe bai gwada ba, da zargin ya zauna a kan yarinyar har ta bar makarantar, babu mai iya wanke ta. Dole ya bari ta ɗaura zarenta tukuna, a gaban kowa. Na roƙe shi ya kira ta ya lallashe ta, tunda tana jin maganarsa. Ya ci gaba da tsince tsakuwarsa har na zaci bai ji ba.

“Ba ni na ce mata ba za ta iya ba,” ya ce. “Lallashina ba zai yi aiki ba.”

Ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da ɗaurin tsinke ɗari da zare da gam a murfin kwalba, ya ɗora mini a hannu. Ya ce tunda na shiga ƙungiya ba a gayyace ni ba, sai in bi dokar ƙungiya: in gina tawa ni kaɗai, Laraba mai zuwa in kawo, in ɗaura jan zare, a karya ta a gaban yaran. Raina ya ɓaci. Mace da 'ya'ya biyar, a ce in tsaya gaban yara da tsinken tsintsiya? Amma ni na jawo wa kaina, na ƙulle kayan a gefen mayafi na fito. Da na gaya wa maigidana, ya yi dariya har ya ƙware, na ce masa Allah ya kawo ranar da za a ba shi nasa.

Yammaci huɗu na yi a kanta, ɗinkin mutane yana jira. Ban tambayi kowa ba, girman kai bai bar ni ba. Na jera tsinkayen murabba'i-murabba'i kamar gilasan taga, kowane daidai da ɗan'uwansa, na auna da tef, na naɗe kowace mahaɗa tsaf. Ta fito kyakkyawa, ba yabon kai ba, ta fi duk waɗanda na gani a ɗakin nan kyau. Auta takan wuce ta gabana kamar babu ni babu teburin. Sau ɗaya dai na hango ta ta madubin gwajin kaya, ta tsaya a bayana tana kallon gadar, ta ɗan taɓe baki, ta wuce. Na so in tambaye ta me ta gani, na kasa.

Ranar Laraba ta ce ba za ta je ba. Baba ya aiko ƙawayenta su gaya mata za a gwada mutum na biyar, kuma ba a gwada ɗan ƙungiya sauran ba sa nan. Ta zo, ta tsaya can jikin taga, hannu a harɗe. Na fito gaban yara arba'in, na ce ni ce na sa ƙarfen, 'yata ba ta sani ba, kuma na ba su haƙuri, musamman su huɗun da na ɓata wa aikin wata guda. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ɗora gadata a kan teburan ya miƙo mini jan zare, na ɗaura a ƙasa a tsakiya, domin nan kaɗai na san gada ke karyewa. Sai ya zaro wani guntun zare shuɗi daga aljihu, abin da yaran suka ce ba su taɓa ganin ya yi ba, ya ɗaga sama ya ce ko akwai wanda bai yarda da ni ba.

Yara suna kallon juna, ba mai son ya ƙaryata uwar wani. Can na ji takun takalmi daga wajen taga. Auta ta karɓi zaren ba ta dubi kowa ba. Ta zagaya gadar, ta tsuguna ta leƙa ta ƙasa, ta tura gefenta da ɗan yatsa kaɗan, ta ga yadda ta motsa. Sannan ta ɗaura shuɗin zaren a saman kusurwar murabba'i na farko, kusa da bakin tebur, nesa da nawa. Baba ya ce me ya sa nan.

“Ba karyewa za ta yi ba, kwanciya za ta yi,” ta ce. “Babu tsinke ko ɗaya da ya gitta.”

Aka fara ƙirga. A gwangwani na shida na ga murabba'aina masu kyau sun fara karkata gaba ɗaya. A na tara kusurwar nan ta ɓalle, daidai ƙarƙashin shuɗin zaren, gadar ta kwanta, bokiti ya dira ƙasa. Tsakiyar da na ɗaura nawa ko gezau ba ta yi ba. Tara! Yaran suka yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har wata ƙarama ta kasa, ɗakin ya ɗauka, ni ma na shiga, ina dariya hawaye suna zuba. Baba ya ɗauki alli ya rubuta sunan Auta a saman allo, ita kaɗai.

Ina tattara guntattakina sai na ji ta a gefena. Ta ɗauki tsinke huɗu ta haɗa murabba'i a tafin hannuna, ta matsa shi, ya kwanta. Ta ɗauko na biyar ta gitta daga kusurwa zuwa kusurwa ta ce in matsa in gani. Na matsa, ya ƙi. Ta ce ɗaurina ya fi na kowa kyau, amma ɗauri ba ya hana abu kwanciya. Wannan ce maganar farko da ta yi mini a mako guda. Na tsaya ina saurarenta kamar 'yar aji ɗaya, kuma a karon farko a rayuwata ban gyara mata komai ba, domin ban san abin da zan gyara ba.

Baba, da ka ga dama tun ranar farko ka nuna ni da yatsa, kuma da na cancanta. Da ka ga dama ka kira yarinyar ka cika mata kunne da daɗin baki, ta ce to, ta fita da raunin yana nan. Ba ka yi ko ɗaya ba. Ka nemo hanyar da za ta ga da idonta cewa ta san abin da uwarta ba ta sani ba, a gaban shaidu arba'in, kuma ka yi haka ba tare da ka wulaƙanta ni ba. Mai haƙurin jiran yaro ya gano da kansa, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa. Malamin kimiyya ya karɓi bokitin da buhun, ya ce Laraba ba za ta mutu ba, kuma muna nan za mu riƙe shi da wannan magana.

Ga masu makarantu, ku duba ɗakunan ƙarshen baranda. Akwai irinsa a cikinsu da ba ku taɓa tambaya me suka iya ba, kuma abin da suke bukata bai wuce ɗaki da yammaci ɗaya a mako ba. Ga iyaye 'yan'uwana kuwa, musamman masu sana'ar hannu irina, in yaro ya kawo aikinsa gida a karkace, na san yadda hannu ke ƙaiƙayi. Ku mayar da shi baya kamar yadda Baba yake yi, ku tambaye shi ina yake jin aikin zai karye. Zai ba ku amsar da ba ku zata ba.

Sauran ukun sun riga sun fara sabuwar gada tun bayan karyewar waccan, Auta ta koma cikinsu ranar Alhamis. Ranar Juma'a, bayan an yi ɗan taron sallama an sha lemo, Baba ya ce akwai bokiti ɗaya da ya rage masa. Aka ɗora gadar, Auta ta ɗaura jan zare, muka ƙirga. Ta karye a ashirin da bakwai, bai fi faɗin yatsa daga zaren ba. Ba ta kai talatin ba. Na dubi 'yata, na ga ta tsuguna tana duba bakin karayar tana gaya wa ƙawarta abin da za su canza. Da ta miƙe ta buɗe jaka ta zaro takardar, ta yi alama a gaban ajin kimiyya, ta miƙo mini.

Na sa hannu a tsaye, a kan teburin da yashi ya ɓata. Da na mayar mata da biron ta ce, “Umma, baɗi ki zo ki kalla. Kallo kawai.”

Na ce to. Baba, kana can gefe kana kakkaɓe buhu kamar ba ka ji ba, na kuma san ka ji. Na gode, na gode ƙwarai.